Ƙwanƙwasa Dubu Ɗari a Ɗakin Famfo

Gali ɗan yayata injiniyan kwamfuta ne, irin waɗanda in ka gaishe su sai sun gama danne-dannensu kafin su ɗago. Wata Laraba da la'asar sakaliya ya hau babur daga Azare zuwa wani ƙauye a hanyar Katagum, don duba famfon burtsatse mai sola. Injin tura ruwa biyu sun ƙone a wurin. An gaya masa in na uku ya ƙone, shi da aikin sun rabu, ƙauyen kuma ya koma ɗibar ruwan kogi.

Bari in fayyace muku yadda ya fayyace mini, da ƙyar. Akwai ƙaramar kwamfuta a akwati, ita ke kula da injin. In ruwan rijiya ya ja baya, na'urar da ke ƙasa sai ta ƙwanƙwasa wa kwamfutar ta wata siririyar waya. Zuciyar manhajar, wadda suke kira kanel, sai ta ajiye abin da take yi ta kashe injin. To, ƙwanƙwasar nan ce ke ɓacewa. Na'ura ta aika, kanel ba ta ji ba, inji ya yi ta juyi a bushe har ya babbake.

Mai gadin wurin, Malam Bappayo, tsohon Bafulatani, shi ya buɗe masa ɗakin famfon.

"Injiniya, ƙarfen da kuka kafa a kututturen tsamiyar can, kun nemi izinin masu wurin?"

"Baffa, ƙarfen tsawa ne. Izinin ƙaramar hukuma muka nema."

"To, madalla," in ji tsohon. Ya ɗauki butarsa ya fita.

Gali ya jona laftof. Ɗakin na warin gansakuka da tsohon giris. Injin na gurnani a hankali. A waje ana koro shanu gida.

Ya bi bayanan da kanel ke rubutawa layi-layi, har ya ci karo da abin. Ashe wayar ba shiru take ba. Kullum daidai faɗuwar rana sai ƙwanƙwasa ta yi ta zuwa, dubbai, ba daga na'urar ruwa ba, ba daga ko'ina ba. Ita kuwa kanel tana da ɗabi'a: in aka yi ta ƙwanƙwasawa wajen sau dubu ɗari ba wanda ya ce tasa ce, sai ta rufe layin gaba ɗaya. Daga nan ko ta gaskiyar ta zo, ƙofa a garƙame.

Ya yi dariya. "Hayaniyar lantarki ce kawai."

Aka kira magariba daga nesa.

Lambar da ke ƙirga ƙwanƙwasa a allon ta motsa. Ɗaya. Biyu. Uku. Ta dakata, kamar baƙo mai ladabi a ƙofar zaure. Ta sake uku.

Sai ta zuba a guje.

Kukan tsuntsaye ya ɗauke. Wani ƙamshi ya cika ɗakin, na jiƙaƙƙiyar tsamiya, alhali shekara biyu ke nan da sare bishiyar.

Dubu sittin. Dubu casa'in.

Kanel ta rufe layin.

Ƙofar ƙarfen ɗakin ma ta rufe. Ba iska.

Sautin injin ya canza, ya koma ƙara siririya. Ruwa ya ja baya. Warin ƙonannen roba ya taso. Ya kai hannu ga makunni, zafi ya sa ya janye.

"Baffa!"

Ta ramin ƙofa yana hango tsohon, taku uku tsakaninsu, zaune kan buzu yana jan carbi.

"Baffa Bappayo! Wuta!"

Ya doki ƙofar da hannu biyu. Tsohon ya kori sauro daga kunnensa.

Wani abu mai sanyi ya tsaya a bayan wuyansa.

"Da zafi, ko?" Muryar tsohuwa ce, a hankali, ba gaggawa. "Kun sare gidana. Kun soka ƙarfe a tsakar ɗakina. Na zo da sallama kullum. Ka gina abin da zai ƙirga sallamata, sannan ya toshe kunne."

Hayaƙi ya rufe fitila.

Gali ya rarrafa zuwa laftof. Ya yi kuskure, ya goge. Ya sake buɗe layin.

Ɗaya. Biyu. Uku.

"Wa alaikumus salam," ya ce, yana tari. "Iya, wa alaikumus salam."

Lambar ta tsaya.

Sai ƙwanƙwasa guda ta shigo, ta na'urar ruwa. Injin ya mutu.

"Sallama dubu ɗari na yi ba a amsa ba," muryar ta raɗa. "Kai ma za ka yi."

Ƙofa ta buɗe da kanta. Ya faɗo waje a gaban buzun.

"A'a, Injiniya! Hayaƙi haka, ba ka kira ni ba?"

Injin na uku ya tsira, har yau yana ba ƙauyen ruwa. An tumɓuke ƙarfen tsawar an mayar gabas, Malam Bappayo ya yi addu'o'insa. Gali ya ƙara wasu layuka a kanel ɗin, aikinsu kawai su amsa duk ƙwanƙwasar da ba a san mai ita ba. Wani abokin aikinsa ya ce ba su da amfani, a goge. Saura kaɗan su dambace.

Shi kuwa, matarsa Zinatu ta ce sai ya tsaya a ƙofar gida yana kira har muryarsa ta dushe, tana tsakar gida ba ta ji ba. Masu acaɓa na wuce shi. A taron ofis yana ɗaga murya ana ci gaba da magana.

Ran Juma'ar nan na juya a kasuwar Azare na gan shi dab da kafaɗata, idonsa ja. Ya ce sau bakwai ya yi mini sallama.

Ni dai, wallahi, ban ji ko ɗaya ba.