Sarauniyar Babi na Tara

Mikail ya sanar cewa daga ranar da ya saki littafinsa, adabin Hausa ba zai ƙara zama yadda yake ba. Ya ɗauko tsohon labarin Birtaniya, na yaron da ya zare takobi daga dutse ya zama sarki da tsohon matsafin da ya raine shi, ya zaunar da su cikin ganuwar Kano. Kullum yana tura babi ɗaya a WhatsApp.

Don tsabar ƙauna, ya sa wa sarauniyar suna Bahijja, sunan wadda aka sa musu rana bayan Sallah. Bai bar tabon haɓarta ba, balle shuɗiyar ƙofar gidansu a Madabo.

Sai dai a asalin labarin, sarauniya cin amanar sarki take da babban amininsa. Mikail kuwa mai girmama asali ne. Digiri gare shi a kai. Ya rubuta babi na tara yadda Turawa suka bar shi, ya tura.

Kafin la'asar, matan unguwa sun gama tantance ko wane ne aminin.

Washegari da ya je gidansu, Bahijja ta same shi a zaure, idanunta a kumbure.

"Abar ƙaunata, ƙagaggen labari ne fa..."

"Tabon nawa ma ƙagagge ne?"

"Haka labarin yake tun ɗaruruwan shekaru."

"Ni kuma shekarata ashirin da uku a Madabo. Ba a taɓa yin shiru don na shiga gidan biki ba, sai jiya."

Ta ce Babanta ya ce a zo a kwashe lefe. Ta shige ciki, ta bar shi da digirinsa.

Baffa Ilu, wanda ya riƙe Mikail tun yana maraya, bai karanta ko layi ɗaya ba. Washegari ya sa babbar riga, ya ce Mikail ya biyo shi gidan su Bahijja. Shi ya koya wa mahaifin Bahijja karatun allo, amma yau ya tuɓe takalmi, ya durƙusa masa a kan gwiwoyinsa masu ciwo, a bainar jama'a.

Mahaifin ya zabura ya tallabe shi, yana roƙon Malam ya tashi don Allah, lefe ya zauna.

Mikail na bakin ƙofa riƙe da takalman, ya kasa ɗaga kai.

A hanyar komawa suka iso Jakara. Nan Baffa ya tsaya, ya dafa bango.

"Shi wannan sarkin naka, yana da baffa?"

"Babu, Baffa."

"To, wani bawan Allah ya huta."

Ya murza gwiwarsa, ya ci gaba da ɗingishi.