Ƙarƙashin Tabarma

A bas ɗinsa Falaniko ya fara ganin Lupesina, ranar da mota ta cika maƙil har aka ɗora ta a cinyar wata tsohuwa. Ta madubi ya yi ta satar kallonta har birnin Apia.

"Direba, titi yana gabanka," in ji ta da za ta sauka.

"Shi kullum ina ganinsa. Ke ce sabuwa."

Aikinta sarrafa ɗan jirgi marar matuƙi ne, mai ɗaukar hoton direbobi masu ganganci a hanyar bakin teku. Falaniko ya san da haka sarai, amma so ya rufe masa ido.

Wata Talata da hantsi saƙonsa ya shigo wayarta: "Kurciyata, kin karya kuwa? Ni dai tunaninki ya"

Iyakar saƙon ke nan. A allon da ke gabanta ta ga bas ɗinsa ya saki hanya ya faɗa rami, direba da waya a hannu. Gwaggonta Faasina tana ciki, ta karye a hannu.

Lupesina da kanta ta miƙa wa hukuma hoton tana kuka, aka karɓe masa lasisi. A taron ƙauye aka karanta saƙon a gaban kowa, har da "Kurciyata". Wallahi da ƙasa za ta tsage da ta shige.

"Wanda ya kusa kashe mini ƙanwa?" in ji mahaifinta, Tuala, da aka yi masa maganar aurensu. "Kada in sake jin sunansa a gidan nan."

Da asuba Falaniko da dattawan gidansu suka durƙusa a ƙofar Tuala, aka lulluɓe shi da tabarmar neman gafara, wadda ba a fita daga ƙarƙashinta sai wanda aka ɓata wa ya ɗage. Rana ta take, Tuala ko leƙowa bai yi ba.

Gwaggo Faasina ce ta gaji. "Yaya, hannunka ne ya karye ko nawa? Je ka ɗage."

A al'adarsu kuwa, maganar ƙanwa ba a tsallake ta. Tuala ya ɗage, ya tarar da yaro sharkaf da gumi da hawaye.

"Baba, ba ni da bakin magana."

"Tashi, ɗana."

Bayan shekara, an mayar masa da lasisi. Ranar aure, coci ya cika, ango shiru. Lupesina ta tura masa saƙo: "Abin ƙaunata, kana ina?" Babu amsa.

"Ko ya gudu ne?" in ji Tuala.

Lupesina ta yi murmushi. "Baba, tuƙi yake yi."

Allah ya albarkaci wannan aure, ya kai su gida lafiya.