Saura Minti Ashirin a Agogon Direba

"Ba zan buɗe ba."

Kwamanda ya waiga ya dubi yaransa biyu, kamar yana neman wanda zai maimaita masa.

"Ƙanwata, kin ga abin da ke hannuna kuwa?"

"Na gani. Bindiga ce. Ni kuma ba ƙanwarka ba ce."

Ƙarfe goma sha ɗaya saura na safe suka shigo shagonmu, su uku, fuska a rufe. Kwamanda shi ne mai tumbi da ba da umarni. Guntu ya tsare ƙofa, bindigarsa ta kusa kai tsawonsa. Na ukun, Ɗan Gayu, na gane shi tun daga turare. Kwana uku kafin nan ya zo a matsayin mai saye, ya gwada agogo bakwai, bayan fitarsa muka tarar shida.

Sana'armu tsofaffin agogunan matafiya ce, na manya, waɗanda suka taɓa zama a hannun wani. Babu batir a cikinsu. Suna da hannu na musamman mai nuna lokacin garin da ka baro. Kakana ya fara, Baba ya gada, ni kuma na yi shekara biyar a makarantar koyon aikin na dawo. Idon Baba ya yi rauni, don haka duk aiki mai laushi ni ke yi.

Na cikin gilashi namu ne, sun riga sun kwashe. Na cikin akwatin ƙarfe kuwa na mutane ne, guda goma sha bakwai, an kawo gyara. Ni kaɗai na san lambar buɗe shi.

"Kai, yaro!" Baba ya ɗago daga inda aka kwantar da shi. "Ba a zuba su cikin buhu kamar albasa! Wannan da ka jefa ya girmi ubanka. Buɗe bayansa ka gani, duk wanda ya taɓa gyara shi ya bar alamarsa a ciki. Ta mahaifina ce ta uku."

"Tsoho, kwanta!"

"Ina kwance. Ka dai naɗe su a tsumma."

Abin mamaki, Guntu ya karɓi tsumman.

Abin da ya faru a waje daga baya na ji shi, a kotu, daga bakin direbansu da suke kira Birki. Kwamanda ya ƙwace wayoyinsu tun jiya, wai da waya ake kama mutane. Agogon da Ɗan Gayu ya sace mana aka ba Birki, da umarni ɗaya: ya sauke su, ya laɓe a bayan kasuwa, sha ɗaya da kwata daidai ya dawo. Kada ya riga, kada ya makara.

Irin wannan agogon motsin hannu ne ke wana shi. In ka ajiye shi kwana biyu, sai ya yi barci. Birki kuwa tsoron ƙarje shi yake, don an ce rabonsa ne. Ya cusa shi cikin safa ya ɓoye a aljihun mota kwana uku. Da ya fito da shi ya ɗora a gabansa, sha ɗaya saura minti biyar yake nunawa, inda ya tsaya tun jiya.

"Saura minti ashirin," in ji Birki. Ya kwantar da kujera.

A shago, Kwamanda ya sa mini bakin bindiga a goshi.

"Zan ƙirga uku."

"Ka iya kuwa?"

Guntu ya yi dariya, ya haɗiye ta da sauri.

"Uwata, ki buɗe musu," in ji Baba. Sunan mahaifiyarsa gare ni, haka yake kirana. "Ƙarfe ne kawai."

"Ba haka ka koya mini ba, Baba."

A cikin akwatin nan akwai agogon wani matuƙin jirgi da ya rasu. Matarsa ce ta kawo, ta ce in tashe shi kawai ta riƙa jin ƙararsa a ɗaki. Na dubi idonta na ce ta dawo Laraba. Da wane baki zan tare ta?

"Ɗaya!"

Na harɗe hannuwana a ƙirji.

"Biyu! Guntu, motar ta zo?"

"Babu ko keke, Oga."

Kwamanda ya zura hannu a buhu ya zaro agogo. "Ƙarfe huɗu?" Ya zaro wani. "Tara da rabi? Wai ƙarfe nawa ne a shagon nan?"

"Ya danganta da garin da kake nufi," in ji Baba.

"Garin nan nake nufi, tsoho! Garin nan!"

A bayan kasuwa Birki ya sayi rake ya shanye. Ya duba. Saura minti ashirin. Ya goge gilashin mota, ya duba. Saura minti ashirin. A kotu alƙali ya tambaye shi ko bai lura hannun daƙiƙa ba ya motsi ba. Ya ce ya lura, ranka ya daɗe, amma ya zaci agogon manya ba ya rawar jiki irin na talaka.

Telan da ke maƙwabtaka da mu ya riga ya kira 'yan sanda. Motarsu ta ƙi tashi, sai Saje da mutanensa huɗu suka yanko ta bayan kasuwa a ƙafa, suna haki.

Birki ya leƙo ta taga. "Yallaɓai, don Allah ƙarfe nawa?"

Saje ya tsaya. Ya dubi silifas ɗin Birki, ɗaya ja ɗaya shuɗi. Ya dubi agogon da ya fi motar tsada. Ya dubi hular rufe fuska a kujerar gefe.

"Sha biyu saura. Wa kake jira?"

"Innalillahi! Oga zai kashe ni!"

"Wane Oga? Buɗe mana mu shiga, ka kai mu mu ba shi haƙuri."

A shago kuwa, awa guda muka yi da 'yan fashin. Kwamanda ya roƙe ni, ya zage ni, ya yi mini alkawarin kaso. Ya ce in ba don bindiga ba da ya aure ni. Na ce ko da bindigar ba zai samu ba. Gumi ya jiƙa masa hula har ya ɗage ta yana fifita.

"Oga, bari in leƙa ta baya in ga ko Birki ya ɓata hanya," in ji Ɗan Gayu. "Kawo buhun in rage maka nauyi."

Kwamanda ya miƙa masa! Wallahi ya miƙa masa da hannunsa.

Minti biyar. Goma.

"Oga," in ji Guntu a hankali, "anya Gayu zai dawo?"

Nan wasa ya ƙare. Kwamanda ya kamo hannuna na dama ya danne a kan teburin aiki, tsakanin hantsaki da kwalbar mai.

"Lamba!"

"A'a."

Ya ɗaga gindin bindiga — ƙwas!

Ban san ina da irin wannan ihun ba. Baba ya yi kukan kura ya rungume ƙafarsa.

"Lamba, na ce!"

Na ce masa a'a da haƙora a datse. Ya sake saukewa.

Ƙiii! Mota a ƙofa.

"Ga Birki! Oga, mu ware!"

Suka fita a guje, Guntu ya fizge ƙofar baya ya faɗa ciki — kan cinyar ɗan sanda. Kwamanda ya juya zai koma, tela ya sa masa ƙafa. Tim! Bindiga ta yi gabas, hula ta yi yamma.

"Oga, ba laifina ba ne," Birki yana kuka a sitiyari. "Har yanzu saura minti ashirin!"

Ɗan Gayu bai yi nisa ba. A tasha ya ɗaura agogo huɗu a hannu ɗaya yana nuna wa mai sayar da tikiti, aka yi ram da shi. Kwamanda ya sami shekara ashirin da ɗaya, sauran sha huɗu-sha huɗu. A gaban alƙali ma sai da aka raba su da Birki.

Duk mai agogo a akwatin nan ya karɓi abinsa. Babu wanda ya rasa ko maɗauri. Mutane suna shigowa su ce mini jaruma, in ce na gode, in miƙa musu rasit da hagu.

Likita ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Babban yatsana da manuni sun haɗe a karkace. Cokali ina riƙewa, alƙalami da ƙyar. Hantsaki kuwa, da na kusanto cikin agogo sai hannun ya hau karkarwa. Yanzu wani muke kai wa gyara a ƙetaren gari, shi ke sa alamarsa a bayan agogunanmu. Ni na zaɓi in ce a'a, kuma ban janye ba. Abin da na biya shi ne yatsu biyu, karatun shekara biyar, da sana'ar gidanmu da ta tsaya a kaina.