Maganin Ƙarama a Firjin Injiniya

"Wa ya fitar min da magani daga firji?"

Ƙarama ta tsaya a ƙofar shagon gyaran firji, tef ɗin awo rataye a wuyanta. Kwalin allurarta na kan benci, rana na dukansa.

Mahaifiyar Injiniya, saurayinta mai shagon, ta ɗaga kai. Kusa da ita Doguwa ce, 'yar ƙanwarta, wadda ta daɗe tana harin Injiniya.

"Ni na sa a fitar," in ji Mama. "Ashe ɗana kwalbar magani zai auro min? An ce kullum sai kin tsira wa kanki allura!"

"Kuma duk allurar nan iyakar tsawon ke nan," Doguwa ta ce tana dariya. "Jikokinki, Mama, a aljihu za ki riƙa goya su."

Ƙarama ta dafe kwalin. Sanyinsa bai gama fita ba tukuna. In zafi ya ratsa shi ya lalace, gidansu kuma wuta sai ta ga dama, shi ya sa take ajiya a nan.

"Mama, jikina ne ba ya yin sinadarin girma. Likita ya ɗora ni a kan na kwalba tun ina yarinya, da shi na kai inda kike gani. Yanzu ƙarfin jiki yake ba ni. Ban sata ba, ban ɓoye ba."

Ta juya kan Doguwa.

"Ke da aka ba ki naki kyauta, me kika tsinana da shi? Leƙen firjin mutane?"

Injiniya ya shigo, hannunsa duk baƙin mai. Ya dubi kwalin, ya dubi uwarsa.

"Ka zaɓa," in ji Mama. "Firjin nan daga ɗakina ka ɗauko shi."

"Gaskiya ne, Mama."

Ya zagaya bayan kantar shagon, ya jawo wani ƙaramin firji sabon fenti, da batirinsa.

"Wannan ni na haɗa. Ko an ɗauke wuta yana aiki."

Ya sa kwalin a ciki, ya saɓa firjin a kafaɗa.

"Masoyiyata, ina za a kai?"

"Shagona... kusa da keken ɗinki."

"Ni fa?" in ji shi.

"Kai ma akwai wuri."

Sun kai bakin titi Mama ta ƙwala kira.

"Kai! Ka rufa masa zane mana, ba ka ganin rana?"

Ta biyo su, ta warware mayafinta, ta miƙa wa Ƙarama, fuska a ɗaure.