Kwalta a Ƙarƙashin Motar Namadi

Da hantsi Saja Safina 'yar sanda ta iso wurin hatsarin, a kan hanyar Tsamiya zuwa Bagudo. Motar fasinja tana kife a kwari, tayoyinta na baya kuma, haɗe da ƙarfen da ke riƙe su, suna can tsakiyar titi. Dela mai sayar da nono, ɗaya daga cikin fasinjojin, ta rasu nan take. Direban, Namadi, ya karye a hannu, kuma kafin azahar an ɗaure masa ɗayan da ankwa a jikin gadon asibiti.

Gari ya riga ya yanke hukunci. Wasu suka ce gudu ne, dattawan tasha suka ce ƙaddara ce, a rufe magana. Ita kuwa Safina ba a rufe mata magana, tun tana yarinya a bakin kogin Kwara mahaifinta mai gyaran jirgin ruwa ya haƙura da wannan halin. Abin ya tsaya mata a rai: in ta sa hannu a takarda, Namadi zai tafi kurkuku da sunan mai kisa.

Ta durƙusa da kakinta, ta leƙa ƙarƙashin motar. An shafe shi da kwalta, baƙi wuluk, har da sheƙi. Ta soka makulli a jikin shasi, babban ƙarfen da ke ɗauke da motar, sai ya nutse kamar a cikin ƙuli-ƙuli. Tsatsa ta zubo mata a fuska. Daga cikin ramin ta zaro wani murɗaɗɗen tsumma, ta warware shi, ta shinshina, ta sa a aljihu.

"Gudu ka yi?" ta tambayi Namadi a asibiti.

"Ranki shi daɗe, shanu na ƙetarawa, mi zan yi da gudu? Rami guda na taka, sai na ji baya ta rabu da ni."

"Yaushe ka saye ta?"

"Kwana tara. Wurin Alhaji Ango. Har na kai ma Uzodinma ya duba."

A garejinsa, Uzodinma bakanike ya miƙa mata tafukansa, duk ƙunar walda. "Madam, ni mai na canja, na duba birki. Ƙasa yana baƙi, yana kyau, ban buga ba. Wannan kuskurena. Amma in ƙarfe ya ruɓe, ni wuta nake sa masa. Tsumma ba aikina ba."

Ta zagaya garejin. Babu gwangwanin kwalta ko ɗaya. Ta sallame shi.

Alhaji Ango, dillalin motocin Kwatano, yana kishingiɗe a rumfarsa, shugaban tasha na gefensa. Kowa ya san jikan Sarkawa ne, a gyaran jiragen ruwa ya tashi kafin arziki ya fitar da shi daga kogi.

"Ɗiyata," in ji shugaban tasha, "wagga magana ta ƙare. Allah ya yi kwananta ya ƙare."

"Baba, kwananta na Allah ne. Motar ta mutum ce."

Ango ya yi murmushi. "Yadda anka kawo ta daga Kwatano, haka nis sayar. In akwai aibi, can anka yi shi."

Ta shimfiɗa tsumman a kan tabarma. Yankin buhun taki ne, da rubutun Hausa raɗau a jikinsa.

"Mutanen Kwatano sun koma rubuta Hausa a buhu, Alhaji?"

"Buhu na ƙetare iyaka kullum."

Gaskiyarsa ce, ta kuma san haka. Sai ta taɓe baki, ta ture tsumman da ƙafa.

"Ko wa ya yi, dai, ragon ma'aikaci ne. Toshin jirgi ya so ya kwaikwaya, bai iya ba. Busasshen tsumma ya cusa, ya shafe da kwalta. Babana da ya ga wannan, da ya kore shi daga bakin ruwa."

Fuskar Ango ta canja. Ya tashi zaune.

"Busasshe? Ke mi kin sani? Kwana biyu yay yi cikin man kaɗe kahin a murɗa shi, sannan..."

Shugaban tasha ya juya yana kallonsa.

"Sannan a buga shi da cizal," Safina ta ƙarasa masa. "Na ji ƙanshin man tun a kwari. Bakanike walda zai yi. Mai toshe ƙarfe kamar katakon jirgi, a bakin kogi ya koya. Ka ga tsatsa ta cinye shasi, ka cika ramukan don kada a gani, ka sayar wa mutum yana ɗaukar rayuka. Abin da ya rage mini in sani shi ne hannun wa, kai kuma ka kasa jure a ce aikinka bai yi kyau ba."

"Saja, ƙaddara ta," in ji Ango.

"Rasuwar Dela ƙaddara ce. Kwaltar taka ce. Tashi."

Ba ta zo da ankwa ba, don haka ta bi da shi ta asibiti. A gaban idonsa ta kwance hannun Namadi daga jikin gado. Ƙarfen da sauran ɗuminsa lokacin da ta ɗaura wa Alhaji.