Turare a Kwandon Nagat

Da silifas ɗin wanka aka kori Nagat daga gidan mijinta, rana tsaka, matan layinmu na unguwar Karmuz sun yi cirko-cirko a barandunansu suna kallo kamar ana bikin bazara na Shammun Nasim. A hawa na uku kuwa 'yarta Basmala ta riƙe ƙarfen baranda tana ihun "Mama! Mama!", kakarta Hajja Fawkiyya na fizgar ta ciki... Ba wanda ya ce uffan! Kowa ya kama bakinsa, wai ba a shiga tsakanin miji da mata.

Laifinta? Ta zura kwando ƙasa ta baranda, kamar yadda kowace mace ke yi a Iskandariyya. Ta ɗaure igiyar a baranda don mai gurasa ya saka mata, ta koma ta duba tukunya. Da ta jawo shi a gaban surukarta, sai ga kwalbar turare naɗe cikin jar rigar barci. Ana haka mijinta Medhat ya shigo, ya ga abin da ke hannunta, fuskarsa ta yi fari fat. Nan take Nagat ta gane komai. Kwanduna biyu ne ke reto a jikin benen, iri ɗaya, gefe da gefe: nata da na Sabrin ta hawa na huɗu, wadda mijinta ke aiki a Kuwait. Wannan ƙamshin kuma ta daɗe tana wanke shi daga rigunan Medhat, tana shaƙar shi a matakala duk sanda Sabrin ta wuce.

"Medhat, ka yi kuskuren kwando," ta ce. "Ba nawa ka nufa ba..."

"Mama, kin ji ta ko?" ya daka tsawa. "An kama ta da kayan kwartonta, za ta shafa mini, ta haɗa da matar mutane!"

"Ɗana? Ɗan da na haifa?" Hajja ta dafe ƙirji. "Ke dai tun ranar da kika shigo na ce idonki a tsaye yake. Fita! Yarinya kuma ba za ta tashi a hannun irinki ba."

Ya sake ta a tsaye, ko ruwa bai sha ba.

Gidan yayanta Abdel-Sattar ta nufa, tana zaton inuwa. Ina! "Ko da gaskiyarki, ya ƙanwata, namiji ne," ya ce yana kurɓar shayi. "Da kin yi shiru kin shafa turaren, da yanzu kina ɗakinki. In muka je kotu neman yarinya, rigar nan za su ɗaga a gaban alƙali, mu ina za mu sa kanmu?" Wannan ita ce cutarmu! Namiji ya yi ɓarna, a ce mace ta rufa masa asiri. Ya watsa mata ƙasa a ido, a ce ta gode da bai haɗa da tsakuwa ba. Sai mu kira abin haƙuri, alhali tsoro ne kawai da lalaci.

Nagat ta yi kuka har hawaye suka ƙafe. Matar yayanta ta hana ta leƙa baranda. A gidan suna, mata kan janye mazajensu da ido in ta shigo. Ta je ƙofar makaranta don ta hango Basmala, Hajja ta ja yarinyar ta tsallaka titi. "Ya Rabbi," takan ce a sujada, "ban roƙe ka Medhat ba, ban roƙe ka gidansa ba. Sunana da 'yata... su kaɗai!"

Da zaman ya ishe ta, ta ɗauki faranti da wuƙa ta zauna a bakin kasuwa. Tana yanka lalo, tana ɓare tafarnuwa, tana naɗe shinkafa a ganyen kabeji don matan da ke dawowa daga aiki a gajiye. Yayanta ya ce ta zubar musu da mutunci. "Wane ya rage, Yaya?" ta ce. "Ai kun bari an kwashe shi." Hannunta ya tsattsage, amma kafin zafi ya zagayo ta kama ɗaki nata na kanta, mai 'yar baranda.

A can kuwa, tun da babu mai yi mata bauta, dole Hajja Fawkiyya ta riƙa zura kwando da kanta. Wata la'asar tana jiran mai wake, sai ta hango ɗanta a ƙasa yana waige-waige. Ta buɗe baki za ta kira shi, sai ta ga ya jefa wani abu a ɗaya kwandon, na Sabrin, wanda yanzu aka ɗaura wa jan ƙyalle don kada a sake kuskure. Kwandon ya taso yana lilo, ya zo daidai hancinta. Ta cafke igiyar! Daga sama ana ja, tsohuwa tana ja. Ta zura hannu... kwalbar turare, sak irin wadda ta adana a kabad tana nuna wa baƙi shaidar lalacewar Nagat.

"Medhaaat!" Ihunta ya tsayar da mai keken wake. "Kai ne? Ka sa na yi wa baiwar Allah ƙazafi da bakin da nake salla? Jama'a, ku fito ku ga abin da na haifa!"

Barandun da suka yi shiru ran nan duk suka cika. Dangin mijin Sabrin suka zo kafin magariba, kuma a shagonsu Medhat ke aiki. Ya rasa aikin, ya rasa haƙora biyu, uwarsa ta watso masa kayansa ta baranda.

Washegari Hajja ta hau matakalar Nagat tana haki, riƙe da hannun Basmala. "Ya 'yata... ki taka fuskata in kina so." Nagat ba ta ji ta ba ma. Ta durƙusa ta rungume 'yarta, tana sansanar kanta, tana "Alhamdu lillah" cikin shesshekar kuka.

Medhat ma ya zo, ya tsaya a ƙasa da kumburarren baki. "Maman Basmala! Sharrin shaiɗan ne. Zuro kwandon, na kawo miki zobenki." Yayanta Abdel-Sattar na gefensa yana cewa, "Ki yi haƙuri ki koma, komai ya wuce."

Nagat ta leƙo, ta dube su su biyu. Kwandonta na reto daidai kafaɗar Medhat, yana jiran mai gurasa.

"Wannan karon ma ka yi kuskuren kwando," ta ce.

Ta jawo shi sama tun kafin ya miƙa hannu, ta juya ciki. "Basmala, sa takalminki. Yau da ƙafarmu za mu je sayen gurasa."