Notin da ke Cikin Tiyo

Da hantsi aka kira Sufeto: tirela ta ƙwace a gangara, direban ya rasu.

Ya iso da ciwon baya, ya tarar da mai motar yana ta bayani.

"Barci ne, ranka ya daɗe. Direbobin yanzu sai a hankali."

Sufeto ya taka zuwa titi. Ya bi kwalta da kallo. Tayoyin kan motar sun ja baƙin layi mai tsawo, na bodin tirelar da ke baya kuwa ko alama. Mai barci ba ya taka birki haka.

A gidan marigayin, ya tarar da matarsa tana zaune bakin ƙofa, idanunta sun bushe.

"Shekara ashirin yana tuƙi, bai taɓa gyangyaɗi ba. Kar ku bari a binne shi da wannan sharrin. Kwana biyu yana cewa bawul ɗin birki na huci, iska ba ta tsayawa. Jiya ya kai wa Yaya motar."

Yayan marigayin bakanike ne. Sufeto ya same shi a gareji, spana a hannu, ba ya ɗaure komai.

"Ka taɓa birkin?"

"Sabon bawul na sa masa, yallaɓai. Da hannuna."

Sufeto ya koma gangara, ya durƙusa ƙarƙashin tirelar yana nishi. Bawul ɗin duk tsatsa. Ya sa aka kwance tiyon da ke kai masa iska. Wani noti naɗe da roba ya faɗo tafin hannunsa.

Ya dawo gareji ya ajiye notin a kan benci, kusa da wani kwali da ke ƙarƙashin tsumma. Ya ɗaga tsumman. Sabon bawul ne, ko ledarsa ba a yage ba.

"Wannan ne ka sa da hannunka?"

Bakaniken ya zauna a ƙasa.

"Sabon bai yi daidai da motar ba, yallaɓai. Na toshe tiyon don hucin ya tsaya, na ce birkin gaba zai riƙe shi tafiya ɗaya. Kowa na yin haka."

"Ka gaya masa?"

"Da ya sani ba zai tashi motar ba. Har godiya ya yi mini."

Sufeto ya zaro ankwa, ya dube ta, ya mayar aljihu.

"Tashi mu je."

A bakin mota bakaniken ya tsaya.

"Don Allah, kar mu bi ta ƙofar gidan ƙanena."

"Ta nan zan bi," in ji Sufeto. "Matarsa tana jiran a gaya mata ba barci ya yi ba."